Ɗalibi, Kwamfuta da Kiɗan Rawa: Abin da Manhaja Ta Sauƙaƙa da Abin da Ta Bari

A cikin shekaru talatin da suka gabata, harhaɗa kiɗan rawa na lantarki ya tashi daga sana'ar da ke buƙatar ɗaki cike da na'urori masu tsada, ya koma aikin da ɗalibin sakandare ko na jami'a ke iya farawa a bakin gadonsa, da kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da abin jin sauti na sawa a kunne. Abin da ake nufi da kiɗan rawa na lantarki shi ne kiɗan da na'ura ke ƙirƙirar sautinsa, a jera bugunsa a kan ma'auni tsayayye wanda ba ya gaba ba ya baya, domin a kunna shi da ƙarfi a wuraren rawa da manyan taruka. Sauƙin farawa ya sa iyaye da malamai da yawa suna ɗaukar abin a matsayin wasan danne-danne, su kuma ɗaliban da suka tsunduma suna tsammanin wata biyu ko uku sun isa mutum ya gwanance. Ɓangarorin biyu sun faɗa kuskure ɗaya, domin kuɗin shiga kawai manhaja ta rage, amma tsawon lokacin da kunne ke ɗauka kafin ya nuna yana nan yadda yake tun zamanin da yaron makaɗi ke shafe shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa ganga kafin a yarda ya kaɗa a gaban jama'a.

Tarihin wannan kiɗa ya nuna cewa tun tushensa yana hannun matasa masu ƙaramin ƙarfi. A birnin Chicago na Amurka, Frankie Knuckles ya fara sauya fayafai a gidan rawa na Warehouse a shekarar 1977, kuma daga wannan da'ira ne salon da ake kira House ya fito a farkon shekarun 1980. A kusa da Detroit kuwa, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson sun haɗu ne suna ɗalibai a makarantar sakandare ta Belleville, suna sauraron ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus a rediyo, kafin su kafa salon Tekno. Kayan aikin waɗannan matasa na'urori ne da kasuwa ta ƙi. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga ta TR-808 a 1980, da TB-303 mai fitar da sauti mai kauri a 1981, da TR-909 a 1983, amma makaɗan zamanin sun raina su saboda amonsu bai yi kama da na ganga ko jita ta gaske ba, sai aka daina ƙera su bayan 'yan shekaru, suka faɗo shagunan kayan gwanjo inda talaka ke iya saye. Ƙungiyar Phuture ta Chicago ta murɗa maɓallan TB-303 ta hanyar da masu ƙera ta ba su nufa ba, ta fitar da Acid Tracks a 1987, wanda ya haifar da salo sukutum. Darasin da ke cikin wannan tarihi, wanda masu sayen sababbin kaya kowane wata ba su son ji, shi ne cewa na'ura ɗaya da aka laƙanci sirrinta ta fi na'urori goma da aka taɓa sama-sama.

Komawar aikin cikin kwamfuta ta zo mataki-mataki. A 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI, wato yaren da na'urori ke aika wa juna umarni da shi: wane sauti za a buga, yaushe, da wane ƙarfi, kuma na tsawon wane lokaci. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar da manhajar Cubase a 1989, ya kuma gabatar da tsarin VST a 1996, wanda ya ba da damar cusa ƙananan manhajoji masu kwaikwayon na'urorin sitidiyo cikin babbar manhaja. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fitar da FruityLoops, wadda aka sake wa suna FL Studio a 2003, sannan Ableton Live ta fito daga Berlin a 2001, Apple kuma ya saki GarageBand a 2004. Kowace daga cikinsu sitidiyo ce cikakkiya a cikin allo: ana naɗar murya, a ƙirƙiri sauti, a jera shi, a daidaita shi, a fitar da kammalallen kiɗa ba tare da an tashi daga kujera ba. Gardamar da ɗalibai ke ɓata dare a kanta, ta wace manhaja ce ta fi, ba ta da wani nauyi, domin an yi fitattun kiɗe-kiɗe da kowaccensu.

Wanda ya buɗe FL Studio karo na farko zai tarar da layuka na ƙananan maɓallai, kowane layi da gurbi 16, kuma kowane layi yana wakiltar sauti ɗaya. Waɗannan gurabe 16 su ne gaɓa ɗaya, wato rukunin bugu huɗu da aka raba kowannensu gida huɗu. Idan ɗalibi ya danna gurbi na 1 da na 5 da na 9 da na 13 a layin babbar ganga, ya samu bugun nan mai daka ƙirji sau huɗu a kowace gaɓa wanda shi ne ƙashin bayan House da Tekno. Idan ya sa tafi a gurbi na 5 da na 13, ya kuma sa ƙarar farantan ƙarfe a na 3 da na 7 da na 11 da na 15, to cikin minti biyu zai ji wani abu da ya yi kama da kiɗan gidan rawa yana fita daga kwamfutarsa, har ya fara gyaɗa kai. A saman allon akwai lamba da ke nuna saurin kiɗan, wato yawan bugu a minti ɗaya: House yakan zauna tsakanin 120 da 130, Amapiano na Afirka ta Kudu yakan tsaya kusa da 112, salon Drum and Bass na Ingila kuma yakan kai 170 ko fiye. Wannan nasara ta minti biyu ita ce babbar kyautar manhaja, kuma ita ce babban tarkonta.

Tarkon yana da siffa sananniya ga duk wanda ya koyar da wannan fanni. Ɗalibi yakan gina gaɓa takwas masu daɗi, ya sa su suna maimaita kansu, ya ƙara sauti a kan sauti, ya saurara har asuba, washegari ya buɗe sabon aiki ya sake gina wasu gaɓoɓi takwas. A saurin bugu 128 a minti, gaɓa takwas daƙiƙa 15 ce daidai, alhali kiɗan da za a kunna wa masu rawa yakan ɗauki minti biyar zuwa bakwai. Tazarar da ke tsakanin daƙiƙa 15 da minti shida ita ce ainihin fannin, kuma babu maɓallin da ke cike ta. Ana kiran wannan aiki tsarawa, wato yanke shawarar abin da zai shigo, da lokacin da zai shigo, da abin da za a janye domin a ji kewarsa. Al'adar kiɗan rawa ita ce a yi sauyi bayan kowace gaɓa 8 ko 16 ko 32, a fara da ganga kusan tsirararta domin dije, wato mai sauya kiɗa a wurin rawa, ya samu damar ɗora sabon kiɗa a kan wanda ke ƙarewa ba tare da ƙafafun jama'a sun rikice ba. Daga nan a shigo da sauti mai kauri, a shigo da karin waƙa, sai a tsakiya a janye ganga gaba ɗaya, a bar mutane a rataye, a yi ta ɗaga amo da saurin tafi har numfashi ya ɗauke, sannan a sako komai lokaci ɗaya. Wanda bai taɓa zama da takarda da biro ya ƙirga gaɓoɓin kiɗan wani gwani ba, yana rubuta inda kowane sauti ya shiga da inda ya fita, zai daɗe bai gane dalilin da ya sa nasa kiɗan ke gundurar mutane bayan rabin minti ba. Wannan ƙirga aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa 'yan kaɗan ke yin sa. Ɗalibin da ya kammala kiɗa goma marasa kyau ya fi kusa da gwaninta fiye da wanda ke da guntaye ɗari masu daɗi a ajiye, domin kowane kammalawa yana tilasta masa warware matsalolin da mai guntaye bai taɓa isa gare su ba.

Bayan tsarawa sai daidaita sauti, wanda a sitidiyo ake ce wa miksin, kuma a nan ne kiɗa ke haɗuwa da kimiyyar lissafi da ta sauti. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgizar iska daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma kowane sauti yana da yankinsa a wannan fili. Babbar ganga da sauti mai kauri, wanda ake ce wa bes, duka suna zaune a can ƙasa, a yankin da bai wuce girgiza 100 a daƙiƙa ba, saboda haka idan suka buga tare sai su danne juna, kiɗan ya zama laka. Maganin da masu wannan fanni suka saba da shi shi ne a sa na'urar matse sauti ta riƙa rage ƙarfin bes na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da ganga ta buga, sannan ta sake shi, kuma wannan dabara ce ke haifar da numfashin nan na shiga da fita da ake ji a kiɗan House na Faransa da na manyan bukukuwan Turai. Matsalar ɗalibi ita ce ba ya jin abin da yake yi. Lasifikar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta wayar salula ba sa iya fitar da sautin ƙasa, ɗakin kwanan ɗalibai kuma bangonsa na siminti yana mayar da amo ya ruɗi kunne, sai mutum ya yi ta ƙara bes da ba ya ji, ranar da aka kunna a babbar lasifika sai tagogi su kama rawa, sauran kiɗan ya ɓace. Hanyar da ta fi araha ita ce ya ɗauko kiɗan wani ƙwararre ya ajiye kusa da nasa a cikin manhaja, ya daidaita ƙarfinsu, ya riƙa sauyawa tsakaninsu, sannan ya gwada abin da ya yi a waya, a mota, a rediyon shago, domin a nan ne yawancin masu sauraro za su ji shi.

Akwai zargin da aka daɗe ana yi wa masu kiɗan kwamfuta, cewa suna dogara da shiryayyun sautuka da ke zuwa da manhaja da guntayen kiɗa da ake saye a shirye, shi ya sa kiɗansu duk ya zama iri ɗaya. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai kamata a haɗiye shi duka ba. Sautin nan mai nauyi da ya zama tambarin Amapiano, wanda ya taso daga unguwannin baƙaƙen fata na Pretoria da Johannesburg ya mamaye Legas da Accra, ya samo asali ne daga shiryayyen sauti da ke zuwa a cikin FL Studio, wanda dubban mutane a duniya suke da shi a kwamfutarsu shekara da shekaru ba su ga amfaninsa ba. Haka ma salon Gqom na Durban, matasa ne suka gina shi da wannan manhaja a kan tsofaffin kwamfutoci. Abin da ya bambanta su da masu kwaikwayo shi ne sun san jama'ar da za su taka rawar, sun san yadda ƙafafunsu ke motsi a tasha da gidan biki, sai suka tanƙwara sautin ya dace da su. Laifin yana kan wanda ya ɗauki shiryayyen sauti bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi shi ba. Ɗalibin da ya ba da mako biyu yana koyon yadda sintesaiza ke aiki, wato na'urar da ke haifar da girgiza, ta tace ta, ta tsara yadda za ta tashi da yadda za ta mutu, zai iya gyara kowane sauti ya zama nasa, kuma akwai irin wannan manhaja kyauta, kamar Vital da ta fito a 2020.

Labaran da ke jan matasa zuwa wannan fanni su ma suna buƙatar a karanta su da natsuwa. Ana yawan ambaton Martin Garrix na ƙasar Holan, wanda kiɗansa mai suna Animals ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 2013 yana ɗan shekara 17, kuma da FL Studio ya yi shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ya fara koyon jita tun yana yaro, kuma a lokacin ɗalibi ne a makarantar Herman Brood da ke Utrecht, inda harhaɗa kiɗa darasi ne da ake koyarwa a aji. Black Coffee na Afirka ta Kudu, wanda ya ci kyautar Grammy a rukunin kiɗan rawa na lantarki a 2022, ya yi karatun kiɗa a Durban, kuma ya shafe kusan shekara ashirin a fagen kafin wannan kyauta. Avicii na Suwidin ya fara ne a ɗakinsa a Stockholm yana matashi, ya yi tashe da Levels a 2011, amma wahalar yawon wasanni ta karya lafiyarsa har ya daina yawon a 2016, ya rasu a Maskat ta ƙasar Oman a 2018 yana da shekara 28. Babu ɗaya daga cikin waɗannan labarai da ke goyon bayan ɗalibin da ke tunanin ajiye karatu saboda kiɗansa ɗaya ya zagaya a wayoyin abokai. Zaman ɗalibta ma shi ne lokaci mafi dacewa da wannan koyo, domin mutum na da hutu, yana da abokai masu gaya masa gaskiya ba kunya, kuma bai dogara da kiɗan ba wajen cin abinci, saboda haka yana da 'yancin yin kuskure da gwada abin da ba zai sayu ba.

Ga ɗalibi Bahaushe, wannan fanni ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Mamman Sani ya naɗi kiɗan ogan na lantarki a Yamai tun 1978, kiɗansa ya daɗe yana cike gurbi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar, kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta san shi. A Kano, sitidiyoyin waƙoƙin fim sun rungumi fiyanon Yamaha tun shekarun 1990, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kai, kuma daga nan ne kiɗan fiyano na waƙoƙin nanaye ya samu siffarsa kafin kwamfuta ta karɓi aikin. Hama, wani makaɗi na Yamai, ya sake gina tsofaffin karin waƙoƙin Sahara da FruityLoops, kiɗansa ya yaɗu ta katin memori daga waya zuwa waya kafin kundinsa Houmeissa ya fito a 2019. Sai dai manhajar ba ta zo hannu rabbana ba, ta zo da ɗabi'ar inda aka ƙera ta. Allonta yana raba bugu gida huɗu, alhali kiɗan Hausa da yawa yana tafiya ne a kan rabon uku, ko ya haɗa biyu da uku a lokaci guda. Tana da umarnin da ke jawo kowane bugu ya zauna daram a kan layi, wanda ke kashe ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar da ke ba kiɗan hannu rai. Kuma tana yanka sauti zuwa matakai 12 daidai-wa-daida irin na fiyanon Turai, alhali kalangu yana magana ne ta hanyar zamewa tsakanin matakai, yayin da makaɗi ke matse igiyoyin da ke jikinsa a hammata yana sakewa domin ya bi hawa da saukar karin harshen Hausa. Duk waɗannan ana iya sauya su a cikin manhaja: a mayar da layukan rabon uku, a kashe umarnin daidaitawa, a zana zamewar sauti da hannu. Amma sai wanda ya zauna kusa da mai kalangu ya saurara ne zai san akwai abin sauyawa, kuma yawancin darussan bidiyo da ɗalibai ke bi a intanet ba su da labarin kalangu. Ɗalibin Kano ko Zinder da ya ƙware a kwaikwayon kiɗan Amsterdam zai shiga layi a bayan dubban da suka fi shi kayan aiki, alhali abin da ke ƙofar gidansu babu mai shi a Amsterdam.

Batun haƙƙin mallaka yana zuwa ta fuska biyu, kuma ɗalibai sukan yi sakaci da dukansu. Ta farko ita ce manhajar sata, wadda aka fasa makullinta ake rabawa a filashi. Uzurin tsada gaskiya ne, musamman da faɗuwar darajar naira, amma irin wannan manhaja takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, takan mutu a tsakiyar aiki, kuma uzurin ya raunana tunda akwai LMMS da BandLab kyauta, Reaper na ba da gwajin kwana 60, Ableton na rage wa ɗalibai farashi, FL Studio kuma wanda ya saya sau ɗaya yana samun sabuntawa kyauta har abada. Ta biyu ita ce yankar guntun waƙar wani a ɗora a kan sabon kiɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wanda ke nufin muryar Mamman Shata da ya rasu a 1999, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, ba kayan tsintuwa ba ne, akwai magada da ya wajaba a nemi izininsu kafin a saki kiɗan a kasuwa.

Abu na ƙarshe da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne lafiyar kunne, domin ɗalibin da ke zaune da mutum uku ko biyar a ɗaki ba shi da zaɓi sai ya yi aiki da abin sawa a kunne, galibi da dare lokacin da aka kawo wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi, ta yadda a desibel 89 awa biyar kacal ta rage a mako, a 95 kuwa awa ɗaya da kwata. Kunne yakan gaji bayan dogon sauraro, sai mai aiki ya riƙa ƙara murya ba tare da ya lura ba, kuma ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ƙwararru da yawa suna daidaita sauti ne a ƙaramar murya, wadda mutum zai iya hira a kanta ba tare da ɗaga harshe ba, suna tashi su huta bayan kowace awa, saboda sun lura cewa ƙarfi yana sa kowane kiɗa ya yi daɗi na ƙarya, kuma kurakuran daidaitawa sun fi fitowa fili idan an rage murya.